Hannun Oga Sule

Mutumin da ya tare mu a filin jirgi ko sallama bai yi mana ba. Hannu ya miƙo ya ce, “Fasfo.” Na ba shi nawa. Oga Sule ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya zaro nasa daga aljihun gaba, ya goge shi a jikin riga, ya miƙa. Mutumin ya cusa su a jaka ya yi gaba, mu kuma muka bi shi muna jan bakkunanmu. Daga ranar ban sake ganin fasfona ba sai ranar da zan bar ƙasar.

Oga Sule maigidana ne. A hannunsa na koyi kanikanci, a gindin wata darbejiya da ke bakin titi kafin ka shiga Bici. Ƙauyenmu ɗaya, gonarsa ma tana jikin ta babana. Duk direban da ke bin hanyar nan ya san hannunsa. Ba ya duba allurar zafi, ai yawancin motocin da ke zuwa mana allurar ta daɗe da mutuwa. Tafin hannu yake ɗorawa a kan tiyon lagireto, ya rufe ido, ya ce, “Wannan da saura,” ko ya ce, “Kawo jarka, ta kusa tafasa.” Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba.

Sai shekarun nan suka zo, mai ya yi tsadar da masu mota suka jingine motocinsu a ƙofar gida. Mu wuni a gindin bishiya muna korar ƙuda. Wani ejan a Kano ya ce ana neman kanikawa a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku, Oga zai zama shugaban gareji, ni kuma mataimakinsa. Oga ya sayar da shanun huɗarsa, babana ya sayar da abin da ya sayar. Inna Rabi, matar Oga, magana ɗaya ta yi min a soro. Ta ce, “Nafi’u, in yana gaban mota ba ya jin kira. Ka sa masa ido. Hannun nan nasa shi ne gonarmu, shi ne rumbunmu.” Na ce mata to, in sha Allahu.

Masaukinmu wata kwantena ce a bayan garejin, a unguwar masana’antu inda ba gida ba bishiya. Mun tarar da ’yan Bangaladash da wani ɗan Nepal a ciki, suka matsa mana katifu biyu. Ni da nake cika baki na saba da ranar Kano, a nan na san wasa muke yi a gida. Iskar ma in ta busa ka sai ka ji kamar an buɗe maka tanda.

Washegari da safe aka miƙo mana tsintsiya da bokiti. Oga ya yi dariya, ya nuna ƙirjinsa ya ce, “Makanik. Oga makanik.” Sai muka ji murya daga bayanmu: “Sannunku da isowa, ’yan uwa. Kun iske mu lafiya.” Wani dogon baƙin mutum ne mai furfura, sunansa Bashir, shi ne shugaban kanikawan wurin. Ɗan Sudan ne, amma kakarsa Bakana ce, da ƙafa ta fito za ta Makka tana yarinya, tafiyar ta tsaya musu a Sudan. A bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa in yana magana sai ka rantse wata tsohuwa ce take ba ka labari. Ya karɓi takardarmu ya karanta, sannan ya ce, “A rubuce ku masu shara ne. Wanda ya turo ku ya cuce ku.”

Wallahi na tsine wa ejan nan har bakina ya bushe. Na ce sai mun koma, na ce Allah ya isa, na ce in na kama shi sai an raba mu. Bashir ya bari na gama, ya tambaye ni da wane fasfon zan koma. Oga kuwa ya juya ga aiki. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki tsintsiyar, ya fara daga bakin ƙofa.

Motocin garejin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Kujera ɗaya ce a ciki, an cire ta baya, an cire kafet, an sassaƙa ƙarafa ko’ina. Ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar buhu. Oga ya zagaya wata ja yana riƙe da tsintsiya, ya tambayi Bashir, “To su waɗannan ina suke zuwa?”

“Ba inda suke zuwa. Akwai fili can cikin hamada, an shimfiɗa kwalta mai lanƙwasa. Zagayawa suke yi su dawo inda suka tashi.”

“Da mai?”

“Da mai.”

Oga ya girgiza kai ya ce, “Allah mai iko.”

Bashir ne ya fara nuna min turbo. Wani abu ne mai kama da dodon koɗi a jikin inji, hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya cusa wa injin iska da ƙarfi. ’Ya’yan masu kuɗi sukan kawo motocinsu a cire na kamfani a sa babba, sai ƙaramin inji ya riƙa aikin da ya fi ƙarfinsa. Duk ƙarfin nan kuma zafi yake komawa. Ga wani lagireton na sanyaya iskar turbo da ake kafawa a gaban na ruwa, ya tare masa numfashi. Bashir ya ce, “Mu nan ba gudu muke sayarwa ba, kowa ya iya sa mota gudu. Aikinmu shi ne kar ta dafa kanta.”

Da ya ga ina da kai, sai ya riƙa janye ni daga shara. Na koyi cewa ba a zuba musu ruwan famfo, sai tataccen ruwa da wani magani kaɗan. Na koyi ɗaga gaban mota a jak, a kafa mazurari, a bar injin a kunne a silo har iskar da ta maƙale a cikin tiyo ta gama fitowa, don ’yar kumfa ɗaya tana iya cin inji. Na koyi toshe duk wata kafa da ke gefen lagireto da soso, don iska ta bi ta cikinsa dole. Sai dokoki biyu da Bashir yake maimaitawa kamar karatun allo. Ta farko, direba in ya gama gudu sai ya yi zagaye guda a hankali, kuma in ya shigo ba ya kashe mota, a bar ta a silo, a buɗe bonet, a kafa mata fanka. In ka kashe ta nan take, ruwan ya tsaya cik, zafin turbo ya taru a wuri guda. Ta biyu, ba mai taɓa murfin ruwa sai mota ta huce sarai. Murafen nan masu ƙarfi ne, suna danne ruwa har ya wuce zafin tafasa bai tafasa ba. Kana buɗewa, duk ya zama tururi lokaci guda.

Duk abin da na koya da rana, in mun zauna cin abinci sai na faɗa wa Oga. Yana ji yana tauna burodi. Wani lokacin ya ce, “Uhm.” Wani lokacin ya ce, “Nafi’u, inji inji ne. Ruwa da iska yake so, ko a Bici ko a Makka.” Ni kuma ba na iya musu da mutumin da ya koya min riƙe sifana.

Jar motar nan ta wani saurayi ce, Faisal. Yaron kirki ne a irin nasu kirkin. In ya zo yakan kira Oga “Ammi,” wato baffa, ya miƙa masa lemo mai sanyi. Oga ke wanke motar, har ya shaƙu da ita. A jikinta na ɗauke shi hoto, ya ɗora hannu a bonet, sifana a ɗaya hannun, muka tura gida. A ƙauye kowa ya san Oga Sule shi ne shugaban gareji a ƙasar Larabawa, kuma ni ma haka nake faɗa in an tambaye ni.

Wata rana Faisal ya zo yana ta faɗa da hannuwa, wai motar tana ɗaukar zafi bayan ’yan zagaye kaɗan. Oga bai jin Larabci amma ya gane. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, yana zaune a bakin tiyo, shi ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi. A gida, duk motar da ta shigo daga Turai, abin da muke fara yi mata shi ne mu cire shi mu jefar, mu haɗa fanka kai tsaye. Cewa muke na ƙasar sanyi ne, a ranarmu tare ruwa kawai yake yi. Oga yana da gwangwanin madara cike da su a gindin darbejiya. To da aka tafi sallar azahar, sai ya yi wa Faisal alheri. Ya kwance, ya cire, ya ɗaure, ya goge wurin tsaf, bai faɗa wa kowa ba, ni ma bai faɗa min ba.

A gwajin farko zafin motar ya fi na da. Bashir ya kwance ya ga wayam. Ashe a irin wannan injin ɗan ƙarfen ƙofa biyu yake tsaro: in ya buɗe ta lagireto, sai ya rufe wata ta baya. Da babu shi, ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanya yana komawa inji da zafinsa. Oga da kansa ya zaro shi daga aljihu ya nuna, yana murmushi, yana jiran a gode masa.

Mai garejin, wanda kowa ke kira Mudir, ya sauko daga ofis. Ya yi ta ihu a kan Oga a gaban kowa, yana nuna tsintsiya yana nuna ƙofa. Bashir ya fassara rabi ya haɗiye rabi. Abin da ya fito shi ne, in Oga ya sake taɓa inji, ko da bisa kuskure, jirgi zai hau. Ni ina tsaye da mazurari a hannu. Ni mai bakin tsiya, wanda ya tsine wa ejan har bakinsa ya bushe, ranar ko tari ban yi ba.

Daga nan Oga ya rage magana. Ya yi shara, ya wanke mota, ya yi salla, ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Ni kuma aka ba ni riga mai tambarin gareji, shi ba a ba shi ba. Nakan cire ta kafin in shiga kwantena. Damina ta sauka a gida, Inna Rabi ta turo saƙon murya tana cewa an yi shuka, ta samu wanda zai yi musu huɗa da shanunsa in ya gama tasa. A bayan muryarta ana jin ruwa yana dukan kwano. Oga ya sa na maimaita masa saƙon, ba don maganar ba, don ƙarar ruwan. Ni a lokacin na daina jin kewar gidan ma. In tashi, in yi aiki, in ci, in kwanta. Ko ranar Juma’a sai an faɗa min nake sani.

Wata Juma’ar Bashir ya kawo mana kwano daga gidansa, matarsa ta yi tuwon dawa irin nasu da miyar busasshiyar kuɓewa. Muka zauna a inuwar kwantena muka buɗe. Oga ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya daɗe bai haɗiye ba. Can ya ce, “Daddawa ce kawai babu.” Ya cinye, ya wanke kwanon da kansa, ya goge shi har yana ƙyalli kafin ya mayar.

Ranakun tsere da mu ake tafiya filin. Aikin Oga a can shi ne ɗauko ƙanƙara, jera jarkokin ruwa, da tura manyan fankoki gaban duk motar da ta shigo. Kullum ina aiki ido ɗaya yana kansa. In mota ta shigo tana huci sai na ga yatsunsa suna motsi a gefen wandonsa. Nakan ce, “Oga, fanka kawai.” Ya ce, “Na ji, ai ba kurma ba ne ni.”

Ranar da abin ya faru, ƙarshen kakar tseren ne, zafi ya fara dawowa. Bayan la’asar ne amma kwalta tana ƙona tafin takalmi. Faisal yana neman ya fi wani abokinsa saurin gama zagaye, Bashir yana can bakin katanga yana yi masa magana ta rediyo cewa lambar zafi tana hawa, ya sassauta, ya yi zagayen hucewa. Yaron ya ƙi, ya ƙara zagaye. Da ya ga jar fitila ta kama a gabansa sai ya tsorata, ya shigo kai tsaye da gudunsa, ya taka burki, ya kashe mota, ya fito yana cire hular kwano. Duk dokar farko ya karya ta a numfashi guda. Ni ina can ƙarshen rumfa a durƙushe, ina duba tayar wata motar.

Wani ya ɗaga bonet ya ja da baya. Motar tana ƙara kamar tukunyar da aka danne wa murfi, ruwa yana tsartuwa ta ɗan tiyon gefe. Kowa ya matsa ya harɗe hannu, don abin da ake yi ke nan, a kafa fanka a jira. Oga ya turo fankar, ya kunna. Sai ya tsaya yana kallon motar da yake wankewa kullum tana kuka, ga ƙarti sun kewaye ta ba mai taimakonta.

A gida mun san yadda ake yi. Ka jiƙa tsumma, ka ninka, ka danne murfin, ka murɗa shi zuwa gaɓar farko. Tururi ya yi ta fita ta ƙarƙashin tsumman har ya gaji, sannan ka buɗe ka ɗura ruwa. Oga ya yi wannan tun kafin a haife ni, ko ƙuna bai taɓa samu ba. Amma murafenmu na gida tsofaffi ne, sun saki, kuma suna da gaɓar nan da ke tsayar da su. Na jar motar mai zare ne, a kan wani tankin alminiyam, ba shi da gaɓa ko ɗaya.

Na ɗago kai na gan shi da jiƙaƙƙen tsumma, jarka a gefen ƙafarsa. Na ce, “Oga!” Wallahi na kira shi, duk rumfar ta ji. Inna Rabi ta riga ta faɗa min ba ya jin kira. Ya murɗa, bai ji huci ba, sai ya ɗora hannu na biyu ya danna ya ƙara murɗawa.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani farin abu ne ya tashi har rufin rumfa, murfin ya bugi kwano ya faɗo. Da na iso, yana tsaye inda yake, ya ɗaga hannuwan a gabansa, tsumman ya manne a jikinsu. Gefen wuyansa da kunnensa sun yi ja. Bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ce, “Nafi’u, kawo jarka. Zuba mata.”

Bashir ne ya ɗauki jarkar, ya zaunar da shi a ƙasa, ya riƙa tsiyaya masa ruwan a hannu yana salati da Hausar kakarsa. Dama motar asibiti tana filin, suka zo suka ɗauke shi. Na kama ƙofa zan shiga, Mudir ya riƙe min riga, ya nuna min sauran motocin da ke jira. Na koma. Da jar motar ta huce, Bashir ya duba ta ko’ina, ba abin da ya same ta. Da an bar ta da fankar nan ma da ta huce da kanta. Aka sa sabon murfi, aka ɗaga gabanta, aka cika ta da ruwa. Ni na riƙe mazurarin ina kallon kumfa tana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba ta koma kan kwalta. Ina so in ce na yi kuka ko na yi zagi, amma ban ji komai ba, kumfar kawai nake kallo.

Ya daɗe a asibiti. Suka yanko fata daga cinyarsa suka lulluɓe tafukan. Yatsun suka lanƙwashe ciki suka ƙi miƙewa. Mudir ya biya asibitin, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ya sa an rubuta cewa mai shara ne ya taɓa abin da aka hana shi, don haka kwantiraginsa ya ƙare. Faisal ya zo sau ɗaya da kwalin dabino, ya sumbaci goshin Oga, idonsa yana kan bango har ya fita. Ranar Juma’a kawai nake samun zuwa. In ba shi abinci a baki, in kai shi bayi, in yi masa alwala. Duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni, “Motar fa?” In ce, “Tana nan, Oga.” Ya gyaɗa kai.

Ni na kira Inna Rabi na faɗa mata. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Duka biyun?” Na ce duka biyun. Ta ce, “To.” Ba ta sake turo min saƙo ba har na dawo.

A filin jirgi mutumin nan na ranar farko ya kawo fasfon Oga ya miƙa masa. Oga ya kai hannu, fasfon ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sa masa a aljihun gaba, na ɓalla maɓallin. Ba za a bar ni in wuce ƙofa ba, ga shi ko jakarsa ba zai iya ja ba. Sai na ji wata mata tana waya da Hausa, wata Hajiya ’yar kasuwa da tulin kaya. Na yi mata bayani ina in’ina. Ta dubi hannuwan, ta kashe wayar, ta ce, “Bar min shi, ɗana. Har Kano yayana ne.” Ta rataya jakarsa a kan nata kayan. Oga ya juyo ya ce min, “Ka riƙe aikinka da kyau. Ka ji maganar Bashir.” Suka shige.

Na zauna na ƙarasa kwantiragina, don ba ni da zaɓi. Na iya aikin sosai. Har ta kai in mota ta wuce ta gaban rumfa ina gane wadda za ta shigo da zafi. In direba ya kai hannu zai kashe mota, tsawa nake daka masa ko ɗan waye, har suka sa min suna mahaukacin ruwa. Katifar Oga aka ba wani sabon zuwa daga Uganda. Ban tambayi sunansa ba sai da ya yi wata guda.

Da na dawo gida ana yankan gero. Na fara zuwa gidan Oga. Inna Rabi ta amsa sallamata, ta kawo min ruwa a kofi, ta ce sannu da hanya, ta tambayi Larabawa. Ba ta yi min maganar da ta yi min a soro ba, ni ma ban ɗago ido ba. Na ga bayan gidan an kafa turakun awaki inda shanun suke a da. Ta ce Oga yana bakin titi, kullum can yake wuni.

Darbejiyar tana nan, gwangwanin madarar ma yana nan a gindinta. Wani ne yake aiki a wurin yanzu, Oga yana zaune a benci cikin direbobi. Da ya hango ni ya miƙe, ya ba ni wuyan hannu muka gaisa. Ya rame, amma muryar tana nan.

“Yauwa! Ga shaidata ta iso,” ya ce da direbobin. “Ku da kuke cewa ina ƙara gishiri. A gabansa aka yi. Mota tana ci da zafi, Larabawa da Indiyawa sun harɗe hannu, injiniyoyi fa, ba wanda ya iya matsawa. Nafi’u, faɗa musu. Ta tashi ko ba ta tashi ba?”

“Ta tashi, Oga.”

“A ranar?”

“A ranar. Kafin magariba.”

“Wa ya cece ta?”

Duk suka zuba min ido. Na ce, “Kai ne, Oga.”

Ya yi dariya har da buga ƙafa. “Kun ji ko? Ruwa take so. Ai na faɗa musu.”

Muna nan zaune sai ga wata tsohuwar bas ta gangaro daga titi, shaƙe da buhunan gero, tana hayaƙi ta gaba. Direban ya sauko ya ɗaga kujerar da injin ke ƙarƙashinta, yana cewa, “Oga Sule, zo ka ji min ita, allurata ba ta aiki.” Oga ya tashi da sauri kamar da, ni kuma na bi shi. Ya sunkuya, ya kwantar da lanƙwasasshen hannunsa a kan tiyon lagireto, ya rufe ido. Direban yana jira, fasinjoji suna leƙe ta taga. Ya daɗe a haka, ya wuce yadda ya saba.

Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yadda ba wanda zai ji.

“Nafi’u, taɓa min. Da zafi?”

Na ɗora yatsa biyu, na fizge su da sauri. Nasa hannun kuwa yana kwance a wurin tun ɗazu. Na kama wuyan hannun na ɗauke masa shi, na riƙe ban saki ba.

“Da zafi, Oga,” na ce.